Na Ce Masa Magani Ne

Gwarzo,
Ranar Talata.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, har yau kuma bakina bai iya furta shi ba. Kin tashi lafiya? Ya haɗa kaya, ya fama da masu zuwa taya murna? Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe.

Na san za ki yi dariya, ki ce Baba da muke gida ɗaya shi ne da rubuto wasiƙa kamar wanda ya tafi Makka. Yi dariyarki. Sau uku ina aikawa a kira ki da niyyar magana, in kin zo kin durƙusa sai in ɓuge da tambayar ko kin sayi akwati. Kin san ni, a kasuwa bakina ba ya mutuwa, amma in zancen ya zo kan laifina sai harshe ya yi mini nauyi. Shi ya sa na ɗauki biro, Innarki kuma za ta miƙa miki.

Tun ranar da saƙon ɗaukar aikin nan ya shigo wayarki ban dawo daidai ba don murna. Innarki ta rangaɗa guɗar da maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi. Ni kuwa a ƙofar masallaci sai da na ba mutum ɗaya labarin sau biyu, shi ma don kirki ya yi kamar bai taɓa ji ba. A kasuwa yanzu Baban Injiniya suke kira na. Na gaji da gaya musu ba injiniya ba ce, ilimin sinadarai ta karanta, kuma aikinta a kamfanin jigilar nan na Legas shi ne duba kaya masu haɗari kafin mota ta ɗauka, in ta gamsu ta sa hannu, in ba ta gamsu ba mota ta kwana. Alhaji Sale, maƙwabcin shagona mai sayar da iri, ya ce ai wadda za ta tsayar da tirela da biro ta fi injiniya. Na ƙyale su. Wallahi daɗi nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Sai dai akwai abu guda da ya tsaya mini a rai, kuma ba na son ki hau mota ranar Asabar da shi.

Kin tuna ranar kasuwar da ta wuce, da kika kawo mini abincin rana shago. Kin tarar muna loda wa Ɗanjuma akori-kurarsa, za shi Kutama. Akwai taki, akwai shinkafa buhu biyu ta wani mai shago da ya roƙi a rage masa hanya, akwai kuma kwali uku na ƙwayar nan da ake sa wa wake a ma'aji, wadda manoma ke kira bom. Gabas ta yi baƙi ƙirin, tamfol ɗin Ɗanjuma kuwa kin san shi, ya fi rariya huji. Kika matso kusa da ni, kika yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji, kika ce bom ɗin nan mai shuɗiyar alama a kwalinsa ba a so ruwa ya taɓa shi, in ya jiƙe iskar da zai fitar kisa take yi, kuma ba a haɗa shi mota ɗaya da abinci.

Ke kin rufa mini asiri, ni na tona miki. Na ɗaga murya yadda Alhaji Sale da Ɗanjuma da duk mazauna bencin ƙofar shago za su ji, na ce:

"Wannan dokar jirgin ruwa ce. Nan Gwarzo ce. Tun kafin a haife ki nake wannan sana'a."

Aka yi dariya. Kika sunkuyar da kai, kika ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," kika ɗauki kwanon jiya kika tafi. Mota ta tashi. Hadarin ya yi ta gurnani har la'asar, sannan ya watse ko ɗigo bai sauke ba. Ɗanjuma ya dawo yana cewa ai ga shi lafiya lau, Alhaji ya fi littafi sanin hanya.

Uwata, ke ce da gaskiya. Ni ne ban da ita. Allah ne kawai ya riƙe ruwan nan, ba wayona ba. Ki yafe mini tsawar da na yi miki a gaban mutane.

Amma ba tsawar ce ta fi damuna ba, shirun da kika yi ne. Mu muka koya miki shi, ni da Innarki, muna kuma alfahari da shi. Duk unguwar nan an san 'yar gidan Alhaji Garba ba ta haɗa ido da babba. To ga shi za ki inda aikinki gaba ɗaya shi ne ki dubi dattijo mai furfura, direban da ya yi jika da ke, ki ce masa motarsa ba za ta tashi ba. In murya ɗaya tawa ta sa kin janye, me za ki yi ranar da biyar irina suka taru a kanki? Tsorona ke nan, kada tarbiyyar da na ba ki ta zama ita ce za ta sa ki sa hannu a kan abin da kika san ba daidai ba ne. Don haka zan ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba, ki ji irin mutumin da kika yi wa shiru.

Kina goye a lokacin, shagona kuma bai fi rabin na yanzu ba. Nakan sayo maganin feshin ƙwari a Kano cikin babbar jarka, in zo in ɗura a ƙananan galan-galan irin na man gyaɗa, don manomi ba ya iya sayen babba. Babbar jarkar tana zuwa da komai nata: ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙashi biyu a gicciye, ga wata lamba huɗu a jere, ga rubutu har da na harsunan da ban sani ba. Galan ɗina kuwa fari fat, ko alli ban goga masa ba. In ma kwali ya zo da hoton ƙoƙon kan nan, da wuƙa nake kankare shi kafin in kai tasha, saboda direbobi ba sa son ganinsa. Wani ya taɓa ce mini shi ba zai ɗauki hoton mutuwa a motarsa ba, fatan tsiya ne. Mata kuma in sun gani sai su ƙi shiga. Ni a wautata gani nake dabara na yi, na raba kowa da tashin hankali.

Rannan wani manomi daga Gude ya aiko a kai masa galan shida, tsutsa ta faɗa wa wakensa. Na jera su a kwalin sabulu, na ɗaure da igiya, na kai tasha. Motar da ke kan layi ta Malam Iliya ce, wani dattijo mai sanyin hali, bas yake ja tsakanin nan da Kabo da ƙauyukanta. Na miƙa masa kwalin na ce:

"Magani ne, a kula."

Abin da na faɗa ke nan, kuma ban yi ƙarya ba. Ke ma kin san bakinmu. Abin da likita zai ba mai zazzaɓi magani ne. Abin da za a fesa wa tsutsa ta mutu magani ne. Na ɓera magani, na ciyawa magani, na sauro magani. Ni da na ce magani, gubar gona nake nufi. Malam Iliya da ya ji magani, sai ya ɗauka na marasa lafiya ne za a kai ɗakin shan magani na ƙauye. Da farko an ɗora kwalin a saman mota tare da sauran kaya. Bayan na juya baya, bawan Allah ya sa aka sauko da shi, ya ce maganin bayin Allah ba zai sha rana ba, zafi lalata shi yake yi. Ya tura shi ƙarƙashin kujerar tsakiya, cikin inuwa, inda wata mata 'yar Gude take zaune da jaririnta da ƙullin garin tuwonta. Kirkinsa ne ya sa shi, ni kuma na ba kirkin nan kalmar da ta ɓatar da shi.

Murfin galan ɗaya bai ɗauru ba. Kin san hanyar da ramuka. Kafin su kai Kabo ya kife, ya jiƙa kwalin, ya bi ƙasan mota, ya jiƙa gefen zanin matar da zanin goyon da ta shimfiɗa a cinyarta. Gilasai a rufe saboda an fara yayyafi a hanya. Mutane suka fara cewa wani wari ke tashi, Malam Iliya ya ce su yi haƙuri, warin magani ne, ai magani ba ya ƙamshi. Sai jiri, sai amai. Da matar ta duba ɗanta ta ga miyau na dalala daga bakinsa, jikinsa ya saki, ta ƙwalla ihu, nan ne ya taka burki.

Ina shago ina cin ɗanwake wani mai babur ya tsaya ko kashe injin bai yi ba, ya ce in zo asibiti a Kabo, kayana sun zuba a kan mutane. Ban san yadda na isa ba. Na tarar an tuɓe wa yaron kaya ana wanke shi da sabulu, uwar tana zaune a ƙasa ba ta ko iya kuka. Ma'aikacin asibitin, wani siriri mai tabarau, ya ɗago farin galan ɗin nan ya tambaye ni mene ne a ciki. Na ce maganin feshi ne. Ya ce wanne? Na ce na tsutsa. Ya dube ni, wallahi har yau ina ganin idon nan, ya ce:

"Alhaji, gubar tsutsa kala-kala ce, kowace da abin da ake karya ta da shi. Ina takardar jikinsa?"

Takardar tana Gwarzo, manne a jikin babbar jarka, a bayan shagona inda na jefar da ita. Na sake hawa babur, na zo, na ɗauko jarkar fanko na rungume ta kamar jariri, muka koma. Duk tsawon hanyar nan ba abin da nake gani sai ke, don yaron sa'anki ne, wata ɗaya ko biyu ne tsakaninku. Da na miƙa jarkar, mutumin nan bai yi minti ɗaya yana dubawa ba, ya karanta sunan da lambar, ya ce ya gane, abin da ya yi zato ne, ya shiga ciki da sauri. Abin da nake kankarewa da wuƙa, shi ne abin da ake nema ido rufe.

Allah ya yi mana rahama, Uwata, babu wanda ya mutu. Yaron ya kwana uku aka sallame shi. Yanzu haka magidanci ne a Gude, yana zuwa shagona sayen taki, ga tsayi ga ƙiba, ga ciniki kamar zai cire wa mutum ido. Bai sani ba, uwarsa ba ta gaya masa ba, ni ma ban iya ba. Kullum in ya tafi sai Alhaji Sale ya tambaye ni dalilin da nake yi wa wannan mai taurin kan ragi, in ce masa jininmu ne ya haɗu.

Wanda ya fi ba ni kunya Malam Iliya ne. Na je gidansa ba da haƙuri ina jiran zagi, sai na tarar shi yake ba ni haƙuri, wai shi ya sauko da kwalin. Ya ce da ya ga hoton ƙoƙon kan nan, ko bai iya karatu ba, da bai kai shi kusa da mutum ba, da can saman zai bar shi ya ɗaure da kyau, ko ma ya ce in nemi motar kaya. Shi da ko sunansa bai iya rubutawa ba, hoton zai karanta sarai.

To ga nasihata ta farko, kuma da tsada na saye ta. Kada ki yarda da sunan da mutum ya kira kayansa da baki, ko da mutumin kirki ne, ko da rantsuwa ya yi. Ba lallai ƙarya yake yi ba, kalmar ce take da faɗi. A Legas za ki haɗu da mai cewa mai ne, mai cewa ruwan batir ne, mai cewa hoda ce, kowa da harshensa, kowane harshe kuma da irin tasa kalmar mai ɗaukar abu goma. Ke da kanki kika bayyana mini, lokacin da kike karatu, cewa ƙasashe sun zauna sun ba kowane abu mai haɗari lambarsa guda, da ajinsa, da hotonsa, yadda Bahaushe da Bayarabe da mutumin Sin za su duba su fahimci abu ɗaya. Na gyaɗa kai a lokacin kamar sabon labari nake ji, alhali na riga na gani da idona a Kabo. Ki nemi lambar, ki duba hoton, ki gwada da abin da ke rubuce a takardar kaya. In ukun ba su zama ɗaya ba, ki ajiye biro.

Kuma ki lura da inda abin yake lalacewa. Kayan nan daga wata uwa duniya suke tasowa, su hau jirgin ruwa, su sauka Legas, su hau tirela har Kano, duk da alamarsu da takardarsu, ba wanda ya taɓa. Sai a ɗan guntun nan na ƙarshe, daga Kano zuwa Gwarzo, daga Gwarzo zuwa Gude ko Sabon Birni, nan ne muke tuɓe su tsirara, mu ce ai an iso gida. A nan ne kuwa suke zama kusa da garin tuwo da jarirai. A jirgin ruwa akwai masu kayan kariya da horo, a bas ɗin Malam Iliya ba kowa sai mata da tsofaffi. Duk wanda ya ce miki wannan ƙa'ida ta ƙetare ce, cikin gida ba a buƙatarta, maganar da na yi miki ce a ƙofar shago yake maimaitawa, kin kuwa ji inda ta kai ni.

Kada ki ɗauka daga nan na shiryu na zama malami. Ina! Wata wautar na buɗe. Bayan abin Kabo na zama kamar sabon tuba. Na daina ɗura a farin galan, wannan kam har yau. Amma sai na bi tsofaffin kwalaye ina yanko hoton ƙoƙon kai da almakashi, ina manna wa duk abin da zai fita daga shagona. Famfon feshi sabo fil, ƙoƙon kai. Takalmin roba, ƙoƙon kai. Har buhun irin masara na Alhaji Sale da aka ajiye a wurina sai da na manna wa, manomin da ya saya ya ƙi karɓa, ya ce shi ba zai shuka mutuwa a gonarsa ba. Alhaji Sale ya yi kwana biyu ba ya amsa sallamata. 'Yan tasha kuma suka saba, in sun ga hoton sai su ce kayan Alhaji Garba ne, komai nasa haka yake, su jefa inda suka ga dama. Ashe na kashe wa hoton kwarjini da hannuna. Don haka ga nasihata ta biyu, kada tsoro ya sa ki manna alama inda ba wurinta ba. Mai ƙonewa a sa masa ta wuta, mai guba a sa masa ta guba, wanda ba shi da komai a bar shi haka nan.

Ga ta uku, wadda Innarki take tsokanata da ita har gobe. Na ɗauko kaya daga Kano a motar haya, kwalaye sababbi, kowanne da alamarsa da lambarsa yadda suka fito daga jirgi, ban taɓa ko ɗaya ba. Ina zaune a gaba ina jin kaina. Jami'an hanya suka tsayar da mu kafin Kabo. Tun kafin a tambaye ni na diro, ina nuna kwalaye ina cewa a duba da kyau, wannan lodi na ƙa'idar duniya ne. Babbansu ya zagaya, ya duba, ya ce madalla, kwalaye sun yi. Sannan ya tambayi tukunyar kashe gobara. Babu. Ya tambayi takardar da ta nuna abin da motar ta ɗauko da inda za ta. Na shafa aljihu, sai rasit ɗin shago. Ya duba tayar baya ya ga ta suɗe kamar tafin hannu. Na ce masa amma ai na duniya ne. Ya yi murmushi ya ce:

"Alhaji, duniya ta yi nata. Saura namu."

A bakin titi muka yini, sai da aka kawo wata motar aka juye. Na dawo gida ina huci, Innarki ta saurare ni tsaf, ta ce to Alhajin Duniya, ga tuwo. Shekara nawa yanzu, in na cika baki a gida da sunan take kira na.

Jami'in nan gaskiya ya faɗa. Ƙa'idar duniya ta gaya miki mene ne a cikin kwali, da irin mazubin da ya dace da shi, da abin da ba a haɗa shi da shi. Dokar gida kuma tana da nata a kan mota da direba da takardu da hanyar da za a bi. Ɗaya ba ta kore ɗaya. Kada ki zama irina, ki riƙe guda ki yi ta taƙama. In dokar gida ta yarda kaya su wuce da shirin da suka zo da shi daga jirgi, to ki tabbata shirin nan bai ɓaci a hanya ba, sannan ki cika abin da gida ya ƙara. In kin ga sun saɓa, kada ki yi saurin zaɓar mai sauƙi don mota ta tashi da wuri. Ki buɗe littafin, ki tambayi na gaba da ke, in ya zama dole ki jira. Ke kin fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, ina faɗa ne don ki san tsohon naki ma ya gane, ko da a makare.

Yanzu ki duba abin mamaki. Mutumin da duk wannan ya faru da shi, wanda ya rungumi jarka daga Gwarzo zuwa Kabo yana salati, shi ne ranar kasuwa ya ɗora bom kusa da shinkafa ƙarƙashin yagaggen tamfol. Na san hoton ƙoƙon kai, shi nake tsoro. Shuɗiyar alamar nan kuwa shekara da shekaru ina ganinta, ban taɓa tambayar ma'anarta ba. A raina ma na ɗauka shuɗi ruwa ne, wato in ta kama da wuta a watsa mata ruwa. Ashe akasin haka take nufi. Da kika faɗa, nan take na gane ban sani ba, kuma abin da ya ba ni haushi ke nan, 'yar da na yi wa huɗuba ta san abin da ban sani ba a cikin shagona, a gaban abokaina. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba.

Haka za ki same su a can. Wanda zai fi ɗaga miki murya, sau da yawa shi ne wanda ya gane kin fi shi gaskiya. Zai ce shekara talatin yana jan mota ba abin da ya taɓa faruwa. Wataƙila ma gaskiya ne, ni ma ranar nan ba abin da ya faru. Kada ki yi musu da shekarunsa, kada ki kunyata shi a gaban yaransa in da hali, ki ja shi gefe kamar yadda kika yi mini. Ki gaishe shi, ki tambayi iyali, ki kira shi Baba, in kin ga dama ki rusuna. Duk wannan tarbiyyarmu ce, ban ce ki zubar ba. Amma in ya yi tsawa, kada ki ɗauki kwano ki tafi. Ki tsaya inda kike, ki maimaita maganarki da muryar da kika fara, ki bar biron a jaka. Ladabin da na koya miki na gwiwa ne da harshe, ban taɓa nufin ya kai ga sa hannu ba, kuma laifina ne da ban bambance miki tun da wuri ba.

Sauran abubuwan Innarki ta fi ni iya faɗa, na san kuma ta cika miki kunne: salla a kan lokaci, gidan Gwaggonki Asabe da za ki zauna ki ɗauke shi gidanku, ki ci abinci ko da barkonon can ya fi ƙarfinki. Ni nawa ɗaya ne, ki riƙa kiran waya, ba sai da dalili ba.

Ga roƙona. Jibi Alhamis Ɗanjuma zai sake lodin Kutama da Sabon Birni. Kayan suna shago, ban bari an ɗora ko kwali ɗaya ba. Na sa ya sayi sabon tamfol, yana ta ƙunƙuni. Na gaya wa Alhaji Sale da mutanen benci su zo da hantsi, duk waɗanda suka yi dariya rannan, ban faɗa musu dalili ba, sun ɗauka walima ce. Ina so ki zo da littafinki da bironki, ki duba lodin nan tun daga kwalin farko har na ƙarshe, ki yi magana da ƙarfi yadda na ƙarshen benci zai ji. Abin da kika ce a sauke, ni da hannuna zan sauke. Kuma ina gaya miki tun yanzu, zan yi gardama. Zan ce tun kafin a haife ki nake sana'ar nan, zan ma iya ɗaga murya, kin san hali. Kada ki saurara mini. In kika iya tsayar da motar ubanki a kasuwar Gwarzo, ban ga direban da zai gagare ki a Legas ba, ni kuma ranar Asabar zan raka ki tasha da zuciya sakayau.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki. Ya tsare hannunki daga sa hannun da za ki yi nadama. Duk motar da za ta tashi da izininki Allah ya sauke ta lafiya, da direbanta, da waɗanda za ta wuce a bakin hanya, da waɗanda ke zaune kusa da kayan ba su san mene ne a ciki ba. Amin.

Sai na gan ki jibi da hantsi. Kada ki zo da abinci, aiki za ki zo.

Mahaifinki, kuma ɗanki,
Alhaji Garba.